Iliya Ya Gama Babban Aiki, Sai Ya Roƙi Mutuwa

Akwai wani lissafi da muke yi a zuci ba tare da mun furta shi ba: wai gwargwadon abin da muka gama a yini, gwargwadon farin cikin da za mu kwanta da shi. Shi ya sa 'yar'uwar da ke ɗinki da rana, tana sayar da data da dare, ga karatu ranar Asabar, take jin kamar ta yi zunubi in ta zauna minti goma. Shi ya sa kuma ɗan'uwan da ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba yakan koma bencin baya, daga nan mu daina ganinsa a sujada. Ciwo ɗaya ke cin su biyun.

Mu duba 1 Sarakuna, sura 18 da 19. A kan Dutsen Karmel, Iliya shi kaɗai ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450. Wuta ta sauko, jama'a suka fāɗi rubda ciki, ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari. Wane ma'aikaci ne a cikinmu ya taɓa yini irin wannan? Da lissafinmu gaskiya ne, da Iliya ya fi kowa murna a Isra'ila. Amma saƙo guda daga Yezebel ya sa ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini ɗaya cikin jeji, ya zauna gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa.

Abin da Ubangiji ya yi masa ya kamata ya ba mu kunya, mu da muke saurin cewa mai gajiya ya yi sanyi a ruhu. Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya tashe shi ya ci abinci ya sha ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka yi zancen sabon aiki. A nan ma aka gyara masa tunani: yana ganin shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Mai ɗaukar kansa ginshiƙin komai ba ya iya jin daɗin abin da ya yi, don kullum yana tsoron ranar da zai kasa.

Kada wani ya ce fasto ya ba mu izinin lalaci. Tun kafin faɗuwa aka sa Adamu noman gonar Adnin, Bulus kuma da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa a Koranti. Akwai daɗi na gaske a ganin kunyar da ka yi da hannunka, ko rigar da kika gama ɗinkawa. Daɗin yana lalacewa ne ranar da aikin ya zama ma'aunin darajarmu a gaban Allah da mutane.

Ikkilisiya ma tana da hannu a ciki. Yaro ɗaya muke sa wa mawaƙa, makarantar Lahadi, kwamitin bishara da jan na'urar sauti, muna yabonsa daga bagade, har ranar da zai ɓace mu ce duniya ta ja shi. Shugabannin zumunta, kafin makon matasa mai zuwa ku zauna da jerin sunayenku. Wanda ke riƙe da hidima uku, a sauke masa ɗaya. A miƙa ta ga wancan na bencin baya, kuma a je har gida a roƙe shi, kada a aika masa saƙo ta waya.