Ranar da aka kai mu gonar kabewa

Yau labarin gona muka kawo muku daga Amurka, ko da yake gonar ba irin wadda kuka sani ba ce.

A farkon Oktoban 2024 aka liƙa takarda a ƙofar mangazar da muke aiki, kusa da birnin Harisbag na jihar Fensilbaniya, cewa ranar Asabar kamfani zai kwashi ma'aikata da iyalansu zuwa gonar kabewa, kuɗin mota da na shiga duk a wuyansa. Mu bakwai ne ƴan ƙasa ɗaya a wurin, kuma kafin a tashi aiki mun rabu gida biyu. Dattijonmu, mutumin Tawa, ya dube mu ya ce: "Ɗan malam, kai za ka raba mana gardama. Ni dai na ji an ce kabewar nan ta bikin fatalwarsu ce."

Maganarsa tana da tushe. Ranar 31 ga Oktoba ake bikin Halowin, inda ake rarake kabewa, a sassaƙa mata ido da haƙora, a kunna kyandir a cikinta, a ajiye a ƙofar gida. Mutanen Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19 ne suka zo da al'adar; a ƙasarsu wani saiwar lambu suke sassaƙawa, da suka iske kabewa ta fi girma da taushi sai suka koma kanta. Amma mu ma muna da abin dubawa. Sau biyu muna ƙin zuwa walimar ƙarshen shekara saboda giya, har abokan aiki sun fara cewa ba mu son mutane, kuma irin wannan suna ba ya taimakon baƙo ranar da ake rabon ƙarin matsayi ko rage ma'aikata. Muka ce wa dattijo: "Baba, gona ce aka gayyace mu, a lokacin kaka. Za mu je mu gani, sassaƙar fuska kuwa mu bar wa masu ita." Shi ya zaɓi zaman gida, ba mu kuwa ga laifinsa ba.

Da isarmu aka ɗora mu a kan amalanke cike da damman ciyawa, tarakta tana ja. Nan dariya ta kama mu. Mu da muka tsere wa hauya da kwashe muka ƙetare teku, ga shi an biya kuɗi domin a zagaya da mu gona a bisa harawa! Aka sauke mu a wani fili, kabewa jawur har iyakar ganin ido, yawancinta an riga an yanke ta daga yaɗo an jera, kowa ya zaɓi tasa ya tura a baro.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne gonar masara da aka yanka wa lunguna da gangan domin mutane su shiga su ɓace. A 1993 aka fara irin wannan wasa a garin Anbil, nan kusa da mu, yanzu kuwa ya bazu ko'ina. Muka shiga tare da shugabar sashenmu, mace mai tsare gida wadda a shekara biyu ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba. Bayan kusan rabin awa ta rasa gabas da yamma, ɗanta ya fara kuka. Abokinmu mutumin Maradi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana neman awaki a gonakin gero, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya saɓa yaron a kafaɗa, ya ce a biyo shi. Tun daga ranar take kiran kowannenmu da sunansa, kuma daidai take faɗa.

Ga ƴan uwa da za a gayyata irin wannan fita, a kula da abin sha na tuffa da ake rabawa da zafi. Wanda ya yi lakol zai ji sunansa ya tuna giyar tuffa ta Faransawa. A Amurka iri biyu ne: akwai ruwan tuffa zalla da yara ke sha, akwai kuma mai sa maye, wanda suke kira mai ƙarfi. A tambaya kafin a kai baki. Haka nan naman da ake sakawa cikin burodi, sau da yawa da alade a ciki. Azahar kuwa a bayan rumbu muka yi ta, mai gonar da kansa ya miƙo mana kwali mai tsabta.

A hanyar dawowa muka yi ta tunanin yadda muke ɗaukar kabewa ƴar gida, alhali baƙuwa ce. A Meziko aka fara nomanta shekaru kusan 10,000 da suka wuce, kuma ba ta ƙetaro zuwa Afirka ba sai bayan 1492. A zauren mahaifinmu, idan aka zo hadisin Anas kan telan da ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, kabewa ake fassara dubba'un da ke cikin kwanon. Bisa wannan lissafi, ta fi kusa da dangin duma, wanda shi ɗan asalin nahiyarmu ne. Allah ne mafi sani. A nan kuwa jihar Ilinoi ce kan gaba a nomanta, har gasa ake yi ta girma: a 2023 an auna guda ɗaya a Kalifoniya ta kai kilo 1,247.

Abu ɗaya ne har yau bai kwanta mana a rai ba. Da Nuwamba ta kama sai ka ga kabewa a kwandon shara ƙofa bayan ƙofa, ta ruɓe ba wanda ya ɗanɗana. Wasu garuruwa suna tattara ta a yi taki ko a ba dabbobi, amma wanda ya ga uwarsa tana cinikin yanki ɗaya a kasuwa domin miyar gida guda, da wuya idonsa ya saba da wannan.

Mu dai tamu tukunya ta nufa. Don haɗama mun zaɓi wadda ta fi kowace girma, uwargida ta dafa, taushen ya fito salam, ruwa tsululu da zare-zare. Ashe manyan don sassaƙa aka samar da irinsu, masu daɗin ci su ne ƙananan da suke kira na sukari. Muka sayo biyu, aka sake dafawa da gyaɗa da alayyafo, ranar Litinin muka kai wurin aiki tare da masa. Shugabar sashe ta nemi a rubuta mata yadda ake yi. Dattijon Tawa ya ci masa shida, ya suɗe hannu, sannan ya tambaya ko baɗi ma za a je.