Giga 60 a dare ɗaya, da yaron da aka yi wa faɗa a banza

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar Asuba, wani maƙwabcin mai wannan shafi a Tudun Gwandara da ke Lafiya ya tare shi a ƙofar masallaci, ransa a ɓace. Datar da ya saya wa gidansa ta wata guda, giga 60, ta ƙare cikin dare ɗaya. Tun kafin ya fito ya riga ya yanke hukunci: ɗansa ɗan aji biyar na sakandare ne ya kwana yana kalle-kallen banza. Ya ƙwace wayar yaron, ya yi masa faɗan da har maƙwabta suka ji.

"Malam, zo ka gani da idonka," in ji shi.

A falo, ƙarƙashin talabijin, ga PlayStation 4 na hannu da uban ya saya wa yaron saboda ya ci jarrabawa, wata 'yar fitila ruwan lemo tana ci a jikinsa. A bakin taga an jingine 'yar rauta mai layin waya, don nan ne kaɗai sabis yake kamawa sosai. Yaron na tsaye a gefe, idanunsa jawur. "Wallahi Baba ban taɓa waya ba," ya ce. "Haɗa gem ɗin kawai na yi na kwanta."

Gaskiya ya faɗa. Haɗa akwatin gem da Wi-Fi na gida ba ya cin minti biyar: a shiga saiti, a zaɓi sashen sadarwa, sunan rautar ya bayyana, a rubuta kalmar sirrin da ke liƙe a jikinta, a yi gwaji. Daga nan ɓarnar ta fara. Yaron ya zura faifan wasa uku ɗaya bayan ɗaya don ya gwada, kowannensu ya tarar an yi shekaru ba a sabunta shi ba, sai ya shiga layin sauke sabuntawa. Wasan ƙwallo guda yana cin gomman giga, Call of Duty kuwa ya taɓa haura giga 100. Fitilar nan ruwan lemo alama ce cewa akwatin barci yake yi, ba a kashe yake ba, kuma a cikin barcin yana ci gaba da jan abin da ya fara. An kuma yi dace, ko rashin dace, wuta ta kwana a daren.

Abin da ya fi ƙona wa mai shafin rai shi ne wanda ya sayar da akwatin bai ce uffan ba. Ya ƙirga kuɗinsa, ya ƙara hannun wasa ɗaya, ya yi sallama. Me zai rage shi in ya ce: Alhaji, a kashe sauke sabuntawa da kansa a cikin saiti, in an gama wasa a kashe shi gaba ɗaya? Me zai hana ya faɗa cewa PlayStation 4 na farko, na 2013, zangon Wi-Fi na 2.4 kaɗai yake kamawa, sai ƙirar Slim da Pro na 2016 ne suka zo da zango na 5? Ko cewa bangon bulo biyu tsakanin rauta da akwati ya isa ya raunana sabis, waya mai kai biyu da za a soka daga rauta zuwa bayan akwatin ta fi komai? Mai sayar da babur ma yana nuna wa mutum inda ake zuba mai.

Akwai kuma abin da ba laifin ɗan kasuwa ba. Wajen buɗe asusun PlayStation, mutum zai dudduba jerin ƙasashe ya ga Afirka ta Kudu, ba zai ga Najeriya ba. Dole yaron Lafiya ya ce yana Amurka ko Ingila, ya riƙa neman katin dala ko fam kafin ya sayi komai. In ya tsallake wannan, gwajin sadarwa yakan nuna masa NAT lamba 3, mafi tsauri, saboda kamfanonin waya suna cusa kwastomomi masu yawa a bayan adireshin intanet guda. Sai ya kasa shiga wasa da abokinsa na Bukan Sidi, ya buga ƙwallo ta tafi bayan an riga an ƙwace ta.

Tun 1 ga Oktoba 1996 Lafiya take babban birnin jiha. Tana da jami'ar tarayya tun 2011. Amma gidajen da mai shafin yake shiga, kusan dukansu da 'yar rautar bakin taga suke lallaɓawa, suna ƙirga giga kamar mudun gero a lokacin bazara. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, talaka ya haɗiye. Gwamnatin jiha ta yafe kuɗin haƙa hanyar shimfiɗa wayar intanet a ƙarshen 2023, an yaba mata. To ina wayar a ƙofar gidajen mutane? Ga kuma maganar wuta: an ƙaddamar da tashar wutar lantarki ta Akurba a Fabrairun 2022, amma har yau mai gidan gem da bai da janareta ko sola ya san ranar rufe shagonsa na nan tafe. Wannan sakaci ne, ba ƙaddara ba, kuma masu alhakin sun san kansu.

Wasu za su ce ai wasa ne, ɓata lokaci ne. Rautar nan dai ita ce yayar yaron take sauke darussan jami'a da ita, ita ce kuma shi zai yi atisayen JAMB da ita baɗi.

Da la'asar maƙwabcin ya dawo da waya mai tsawon mita biyar, yaron ya soka ta da hannunsa, ya shiga saiti ya cire alamar sauke sabuntawa, uban na tsaye yana kallo. Sannan ya zaro wayar yaron daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa masa, ya ce, "Karɓi, ka yi haƙuri." Datar wata kuwa sai da ya sake saya.