Kada Mu Raina Ruwan Gishiri Da Sukari

Jama'a, duk shekara in damina ta sauka, gudawa takan shiga gidajenmu ta kwantar da yara. Abin da ke damunmu shi ne, da yawanmu in an ba mu ruwan gishiri da sukari a asibiti sai mu ga kamar an raina mu, mu ce sai allura ko ƙarin ruwa. Wannan kuskure ne, ga kuwa dalili.

Bangon hanjin mutum shimfiɗe yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowacce a lulluɓe da siririn tantani mai maiƙo. Gishiri da sukari ba sa iya ratsa wannan tantani. Sai sun bi ta waɗansu ƙofofi na furotin da ke dashe a jikinsa, kuma kowace ƙofa ta san kayanta. A cikinsu akwai wadda ba ta shigar da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, sai yana tare da gulukos: sodiyam biyu, gulukos ɗaya. In sun shige, ruwa ya bi su zuwa jini.

Gubar kwalara takan buɗe wata ƙofar dabam, gishiri ya yi ta fita cikin hanji, ruwan jiki ya bi shi. Amma ƙofar gishiri da sukari tana nan tana aikinta. Ta nan ne ake mai da ruwan da yaro ya zubar.

Robert Crane, masani ɗan Amurka, shi ya bayyana wannan hanya a 1960. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya yi ƙaranci. Likita Dilip Mahalanabis ya shayar da majinyata wannan haɗi, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

To, iyaye, mu ajiye ƙunshin ORS a gida. In babu, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, duk a shafe. Kada a zarce awo, gishiri in ya yi yawa cuta ne. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba da nono. In idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gida, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.