Rigimar Daraktoci: Darasi Daga Mahaɗar Kafanchan

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun wajen 1927, da layin Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a wannan wuri, garin ya zama mahaɗa, kuma ta nan dubban 'yan Arewa suka gangara Kudu neman abinci. Amma ba a Kafanchan ake yanke shawarar tafiyar jirgin ba. Ana yin ta ne a Ebute Metta, hedkwatar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955.

A 1964 aka yi ta cacar baki a jaridu kan zargin ƙabilanci wajen ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma a hukumar. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Adefarasin. Yaƙin basasa da gasar manyan motoci suka ƙara raunana ta, har a 1979 aka danƙa ragamarta ga kamfanin RITES na Indiya. Shugabanni a Ikko suke gardama, amma leburan tasha da mai tallar abinci a Kafanchan su suka ji a jika.

Wannan darasi ya shafi 'yan Arewa mazauna Sabo ta Ibadan, da Agege, da Fatakwal. Da yawansu sun zuba guminsu a ƙungiyoyin gama kai da kamfanonin sayen citta daga Kachia da ƙasar Jaba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, saboda haka saɓani tsakanin daraktoci ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a bar shi ya cinye jarin talakawa.

Dokar Kamfanoni ta 2020 ta shimfiɗa hanya. Ana yanke shawara da rinjayen ƙuri'a, in kuwa an yi kunnen doki, shugaban taro yana da ƙuri'ar raba gardama. Daraktan da ke da wata moriya a cikin kwangila wajibi ne ya bayyana ta. Dole a rubuta abin da aka zartar. Masu hannun jari kuma suna da ikon tsige darakta a babban taronsu.

Sai dai doka ba ta tafiya da ƙafarta. Ya kamata kowace ƙungiya ta amince tun da wuri kan dattijon da zai shiga tsakani, ta kuma hana a juya gardamar kuɗi ta koma ta ƙabila ko addini. Kafanchan, wadda ta ga tarzomar Maris 1987, ta san tsadar wannan.

Cutar da ta halaka gonakin citta a 2023 ta nuna cewa masifa ba ta jiran a gama faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai hannun jari ya halarci taro, ya nemi a karanta masa lissafi, domin kuɗinsa ne ke kan tebur.