Faransa ta tsaya wa mai ceton rai, mu fa?

Masu kallon ƙwallo ba su manta da ranar 12 ga Yuni 2021 ba, sa'ad da Christian Eriksen na Denmark ya yanke jiki ya faɗi a fili, zuciyarsa ta tsaya. Aka yi ta danna masa ƙirji, aka liƙa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ga shi har ya koma taka leda. To amma shi da likitoci a gefensa. Wanda ya faɗi a kasuwa ko a tasha fa? Sai dai mai wucewa, kuma duk mintin da ya wuce ba agaji, damar rayuwarsa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Dubi yadda Faransa ta bi da lamarin. Tun 2007 ta ba kowa izinin amfani da na'urar, ko da bai taɓa karatun likita ba, don ita ke auna bugun zuciya da kanta, ta faɗi da murya abin da za a yi. A 2018 ta wajabta ajiye ta a wuraren taruwar jama'a. Kuma dama can, wanda ya ga mutum cikin haɗari ya ƙi taimako yana iya shan shekara 5 a kaso da tarar Euro 75,000, wajen miliyan 49 na sefa ke nan.

Duk da haka mutane na ɗari-ɗari. Danna ƙirji da ƙarfi kan karya haƙarƙari, wa zai so ya ceci mutum a wayi gari dangi sun maka shi kotu? Sai ranar 3 ga Yuli 2020 aka yi dokar da ta ce wanda ya kai ɗauki don Allah ba zai biya diyya ba, sai in da gangan ya yi ɓarna ko ya tafka babban ganganci. Shekara 13 tsakanin izini da kariya!

Mu nan wannan tsoron mun san shi sarai. Ɗan kabu-kabu ya faɗi a titi, jama'a su yi cincirindo, ana ɗaukar hoto da salula, ba mai taɓa shi, kowa na gudun a yi ta kiransa komisariya. A ganinmu ko an rataya na'urar a babbar kasuwar Maradi gobe, ƙura za ta sha muddin mai hannu bai amince doka na bayansa ba. Kariyar ba ta cin ko dala, sayen na'urar ne ke da tsada. Masu rubuta doka a Yamai za su iya farawa da ita, a haɗa da koyar da danna ƙirji a makarantu da tashoshin mota, yadda kafin 'yan kwana-kwana su amsa lamba 18 su iso, wani ya riga ya durƙusa.