Amurka: An Hana Shi Shiga Jirgin Sama, An Sayar Masa Da Bindiga

A ƙasar Amurka ana iya komo da mutum daga filin jirgin sama da tikitinsa a hannu, saboda sunansa yana cikin jerin waɗanda hukuma ke zargi da ta'addanci, ya wuce daga nan ya shiga kantin bindigogi a sayar masa, kuma ba a karya dokar Gwamnatin Tarayya ba. Wannan al'amari ya shekara 20 yana jawo gardama a Majalisar Dokokin ƙasar, har yau kuwa ba a raba ta ba.

Bisa ga dokar Brady ta 1993, wadda tsarin bincikenta na yanzu ya fara aiki a watan Nuwamba na 1998, wajibi ne dillali mai lasisi ya tuntuɓi hukumar 'yansandan ciki ta FBI, ko hukumar jiharsa, kafin ya miƙa wa mai saye makami. Yawanci amsa takan zo cikin 'yan mintoci. In an sami shakka, hukuma tana da kwana 3 na aiki. In suka wuce ba ta ce komai ba, dokar tarayya ta yarje wa dillali ya sayar. Waɗanda ake hanawa kuwa an lissafa su cikin dokar 1968 da gyare-gyarenta: wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi, da wanda ya guje wa shari'a, da mashayin miyagun ƙwayoyi, da wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, da baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, da sauransu. Dokar 2002 ta shimfiɗa irin wannan bincike a kan masu neman iznin mallakar nakiya. Babu inda aka ambaci wanda ake zargi da ta'addanci.

Tun daga watan Fabrairu na 2004 ake gwada sunan mai saye da jerin sunayen nan. In suna ya dace sai a jinkirta cinikin, a sanar da jami'an da ke bin sawun mutumin, a duba ko yana da wani laifin da doka ta ambata. In babu, shi ke nan, sai a sayar. Ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin Majalisa ya ƙidaya cewa daga wannan lokaci zuwa ƙarshen 2015 an sami irin wannan dacewa sau 2,477 wajen sayen bindiga ko neman iznin nakiya. An yarda da 2,265, watau kashi 91 cikin 100, aka hana 212 kawai. Lissafin na yawan bincike ne, ba na yawan mutane ba, domin mutum ɗaya yana iya saye sau da yawa.

Gwamnatin Shugaba George W. Bush ce ta nemi a toshe wannan kafa a 2007, amma shirin dokar bai kai ko'ina ba. Ran 3 ga Disamba 2015, kwana ɗaya bayan an kashe mutum 14 a San Bernardino, Majalisar Dattawa ta ƙi shawarar Sanata Dianne Feinstein da ƙuri'a 54 a kan 45. Bayan kisan mutum 49 a Orlando ran 12 ga Yuni 2016 aka sake zama. Feinstein ta nemi a ba Babban Lauyan Gwamnati ikon hana cinikin kai tsaye, ta sami ƙuri'a 47. Sanata John Cornyn ya ce a'a, a jinkirta na awa 72, gwamnati ta je gaban alƙali ta kawo hujja. Shi ya sami 53. Ana bukatar 60, saboda haka duka biyun suka faɗi.

An saba ɗora laifin a kan ƙungiyar masu bindiga ta NRA da ƙarfinta a jam'iyyar Rifablikan, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma fa ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, wadda ba ta cika shan inuwa ɗaya da NRA ba, ita ma ta ƙi a yi amfani da jerin. Nan ne tushen matsalar yake, watau a jerin sunayen kansa.

An haɗa shi wuri ɗaya ne a 2003. Ba a bukatar hukuncin kotu, ko ma gurfanarwa, kafin a sa sunan mutum. Zargin da jami'i ya ga yana da tushe ya wadatar. Ba a sanar da mai sunan, ba a nuna masa hujja. A 2004 an sha tsayar da Sanata Edward Kennedy a filayen jirgin sama saboda sunansa ya yi kama da wani na cikin jerin, kuma sai da ya yi makonni kafin a gyara. In dattijon Majalisa ya sha haka, ina ga direban tasi? Bayan yunƙurin Umar Farouk Abdulmutallab na tarwatsa jirgi ran 25 ga Disamba 2009, inda ya bayyana cewa mahaifinsa ya yi gargaɗi a ofishin jakadancin Amurka a Abuja amma ba a hana shi shiga jirgi ba, sai aka sassauta sharuɗɗan sa suna, jerin ya kumbura. Zuwa 2016 sunayen sun kai kimanin miliyan 1, mafi yawansu na baƙi ne da ke ƙasashen waje. Kotun Ƙoli kuwa ta riga ta yanke a 2008 cewa riƙe bindiga haƙƙi ne na ɗan ƙasa a Tsarin Mulki. Ƙwace irin wannan haƙƙi da takardar asiri abu ne mai wuyar karewa gaban alƙali, kuma Musulmin Amurka, waɗanda suka fi kowa kai ƙara kan jerin, sun san a kan wa kuskuren zai fi faɗawa. Shawarar Cornyn ita ma da nata rauni: jami'in da ke da hujjar da za ta gamsar da alƙali cikin kwana 3, ai kama mutumin zai yi, kuma zuwa kotu yana tona binciken da ake yi a ɓoye.

Har ila yau, hare-haren da suka ta da maganar ba su faɗa cikin tarkon sosai ba. Maharan San Bernardino ba sa cikin jerin, manyan bindigoginsu ma wani abokin mijin ne ya saya. Omar Mateen na Orlando an bincike shi a 2013 da 2014, aka cire sunansa, sa'an nan ya sayi makamansa bisa doka. Dalili ke nan da ya sa Feinstein ta ƙara da waɗanda aka bincika cikin shekara 5 da suka wuce. Tamerlan Tsarnaev yana cikin kundin hukumomin leƙen asiri tun 2011, amma bama-baman Boston na 2013 da tukwanen girki da albarushin wasan wuta aka haɗa su, kayan da ba a binciken mai sayensu. Cinikin bindiga tsakanin mutum da mutum ma dokar tarayya ba ta tilasta bincike a kansa ba.

Jihar New Jersey ta yi tata dokar a 2013, ta hana waɗanda ke cikin jerin sayen bindiga. Majalisar Tarayya kuwa, da ta zartar da sabuwar dokar bindiga a 2022, ta tsaurara binciken masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta bar maganar jerin sunayen inda ta same ta.