Al'ada Ba Ta Fi Ran Jariri Daraja Ba

Muƙalar wannan makon ta leƙa cikin Yahudawa ne, kan wata al'ada da ta daɗe tana haddasa rigima a tsakaninsu.

Yahudawa na yi wa ɗa namiji kaciya ranar da ya cika kwana 8. A wasu ƙungiyoyi masu tsattsauran ra'ayi, bayan wanzami ya yanke, sai ya kafa baki ya tsotse jinin. Littafinsu na Talmud ya ambaci tsotsar ne a matsayin kariya ga lafiyar yaro, daidai da sanin likitancin wancan zamani. Yau kuwa an gano cewa baki na ɗauke da ƙwayar cutar herpes. A jikin babba ƙurjin leɓe ne kawai, amma jariri tana iya kai masa har ƙwaƙwalwa.

A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa jarirai 11 sun kamu ta wannan hanya a birnin Niyok tsakanin 2000 da 2011, biyu suka rasu. A shekarar ne birnin ya ce dole iyaye su sa hannu a takardar amincewa kafin a yi. Wasu malamai suka tada jijiyar wuya, suka garzaya kotu, wai an taɓa addini. A 2015 aka soke dokar.

To, wane addinin aka taɓa? Tun 1837, da jarirai suka riƙa mutuwa a Biyana, babban malaminsu Moshe Sofer, wanda aka sani da tsananin riƙo da al'ada, ya halatta a yi amfani da soso a maimakon baki. Yau mafi yawan Yahudawa da bututun gilashi ko auduga suke yi. Kuma ƙa'ida ce a shari'arsu cewa ceton rai na gaba da hutun Asabar kansa. Wanda ya nace sai da baki, alhali ga gawar jarirai a gabansa, taurin kai yake bauta wa, ya lulluɓe shi da rigar ibada. Jaririn da ake caca da ransa kuwa ba wanda ya tambaye shi.

Kada wani ya ɗauki wannan ya mai da shi makamin zagin Yahudawa baki ɗaya. Likitoci da malaman da suka fi kowa yaƙar abin daga cikinsu suke. Laifi tudu ne: mu ma nan har gobe ana cire wa jarirai beli da askar da ba a tafasa ba, in ka yi magana a ce ka raina na gaba.

Duk al'adar da aka kafa don kare lafiya, ranar da ta koma kashewa, barinta shi ne cika manufar waɗanda suka kafa ta.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mun ji ra'ayoyinku.